Dubagari da Turmin Iya

Ranar Asabar ɗin da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ashirin da tara ga watan Mayun 1999, ni ban ga rantsuwa ba, ban ga fareti ba, ban ga komai ba. Duk yaran unguwarmu suna cunkushe a zauren mai talabijin, ni kuwa ina durƙushe a bayan a-kori-kura, na rungume wani akwatin gilashi da hannu bibbiyu, ruwan cikinsa yana fallatsa mini a fuska duk sanda taya ta faɗa rami. Shekarata goma sha ɗaya. Hijabina ya jiƙe jagab, gwiwoyina sun yi tsami, Baba yana gaba kusa da direba yana ta leƙowa ta taga yana cewa in riƙe da kyau. A cikin akwatin akwai jajayen kifaye huɗu suna ta kai-kawo a firgice, da wani murɗaɗɗen itace baƙi ƙirin a kwance a ƙasa, da wani mummunan kifi baƙi-baƙi da ya manna bakinsa a jikin itacen ya ƙi motsi. A haka muka ratso ta Ƙofar 'Yandaka muka shiga lungunmu.

Baba direba ne a gidan wani babban soja. Shi ba soja ba ne, aikinsa kai yara makaranta da kai uwargidan kasuwa, ita ce muke ce wa Madam. Da mulkinsu ya ƙare aka tattara kaya za a bar Katsina, sai aka rasa yadda za a yi da kifayen, don ba za su kai ƙarshen doguwar hanya da rai ba. Madam ta ce Baba ya ɗauka, shi kuma ya tafi da ni don in riƙe. Macen kirki ce, a bariki ta tashi, Hausa a bakinta kamar tamu. Tana tsaye cikin kwalaye ta miƙo mini gwangwanin abincinsu, ta nuna mini ɗan injin da ke busa iska cikin ruwan, sannan ta kama kafaɗata ta nuna itacen nan da yatsa. "Ummi, komai za ki yi kada ki cire wannan. Baƙin kifin nan shi yake ci, in babu shi ba zai yi rai ba." Na ce to. Baba a lokacin yana waje yana ɗaure katifa a kan mota. Ni kaɗai na ji maganar nan, kuma wannan shi ne mafarin wahalata.

Gidanmu gidan ƙasa ne mai shafen siminti, zaure ɗaya, tsakar gida mai faɗi da bishiyar bedi a tsakiya, madafa a kusurwa, randuna uku a jere ƙarƙashin rumfa. Mama ce ke girki, amma mulkin gidan yana hannun Iya, mahaifiyar Baba. Ita ke cewa a yi, ita ke cewa a bari. Sunanta aka sa mini, shi ya sa kowa ke kirana Ummi, ita kuwa sai ta ce takwara. A bakin ƙofar ɗakinta akwai wani tsohon turmin ƙirya a kife, wanda ta zo da shi daga ƙauyensu tun tana amarya. Ya tsage tun kafin a haife ni, ba a daka a cikinsa, amma ko zama ka yi a kai sai ka sha carbi a gadon baya. A kansa take zama da hantsi tana tsince shinkafa tana duba kowa. Daga nan ta kalli akwatin da aka sauke a rumfa, ta kalli Baba, ta taɓe baki ta ce, "Shekara da shekaru kana bauta, sallamar ke nan? Kifin da ko miya ba ya yi?" Baba ya yi dariya ya sosa ƙeya.

Sati bai zagayo ba gidanmu ya zama gidan kallo. Yaran lungu suka daina langa, 'yan mata suka watsar da carafke da 'yar gala-gala, kowa ya zo ya tsuguna gaban talabijin ɗin kifi, kamar yadda suka raɗa masa. Matan aure ma sai su fake da aron rariya su tsaya. Jajayen nan su ne 'yan gaban goshi, ana yayyafa musu abinci su taso suna wawaso, yara suna shewa. Baƙin kuwa ba mai kula shi. Kansa a baje, bakinsa a ƙasa, jikinsa kaushi-kaushi, yini yake a ƙarƙashin itace. Sai gida ya yi tsit zai fito ya bi gilashin yana tsotsa, kusurwa zuwa kusurwa, duk inda ya wuce wurin ya yi fes. Iya ce da kanta ta sa masa suna. Ta ce wannan ai dubagari ne, irin ma'aikatan tsaftar nan na zamanin ƙuruciyarta masu shigowa gida da ludayi su leƙa randa, in sun ga tsutsa ko gansakuka a kai maigida gaban alkali. An taɓa fasa wa uwarta randa a gaban matan unguwa saboda haka, ta ce har ta mutu ba za ta manta kunyar ranar ba. Tun daga nan ta ɗauki doka, ruwan da ba a ganin gindin mazubinsa ba ya kwana a gidan da take.

Ni kuwa Dubagari ya shiga raina, ban san dalili ba. Wataƙila don ba mai so ne. Da asuba in na gama shara da wanke-wanke, kafin in sa kayan makaranta, sai na tsaya na duba shi. In na dawo, ko jakata ban ajiye ba ina wurin. Ranar da aka ɗauke wuta, kuma kusan kullum ne, ɗan injin ya yi shiru, jajayen su taso sama suna haki, ni ce mai zama da moɗa ina ɗiban ruwan ina tsiyayawa daga sama har hannuna ya sage. A irin wannan zaman ne na gani da idona. Dubagari yana kafa baki a jikin itacen yana kankara a hankali, in ya matsa sai ka ga wurin ya yi ɗan haske kamar an goga da wuƙa. Kashin da yake yi ma dogo ne zarara, launin garin katako, irin wanda ke zuba a rumfar kafinta. Na kira Mama ta gani, ta ce tuwo zai kama mata. Na kira yayana Lawal, kafin ya zo kifin ya koma ƙarƙashi ya yi lamo. Haka yake yi mini kullum, ɗan banza, ana zuwa sai ya daina.

Matsalar ita ce itacen yana rina ruwa. In an canja yau, bayan 'yan kwanaki sai ya fara komawa ruwan shayi marar madara. Kifayen ba su damu ba, amma Iya ta kasa barci. Daga kan turminta take hango shi, ta yi tsaki, ta kau da kai, ta sake dubawa. Wata Juma'a na dawo daga makaranta na tarar da akwatin yana ƙyalli, an kwashe kifayen a bokiti an dirje gilashin da soso an mayar da su, itacen kuma yana yashe a bakin magudana kaji suna tsattsagarsa. Na ɗauka na ɗauraye na mayar. Washegari na same shi a kan katanga. Na mayar. Rana ta uku yana bayan madafa. Na mayar. Ba ta ce mini ba, ban ce mata ba, muna gaisawa lafiya lau da safe, in durƙusa ta amsa, kowa da abin da ke cikinsa. Mama ta ce ai dama ba a sa wa yaro sunan mutum ya bar halinsa.

Ranar da abin ya fito fili, da la'asar ne, kowa yana tsakar gida. Na tsaya gabanta na ce, Iya, Madam fa ta ce abincinsa ne. Ta ajiye faifai ta dube ni sama da ƙasa. "Takwara, kifi ne ko gara? Na haihu, na yi jika, ban taɓa jin kifin da ka cin icce ba. Ruwa ba ya tsami banza, ƙazantar iccen ga ce za ta kashe su." Aka kwashe da dariya har da Mama. Lawal ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki, daga ranar ya koma kirana Malama Gara, ya kai sunan lungu, lungu ya kai makaranta. In na wuce sai yara su miƙo mini tsinken tsintsiya su ce ga na rana. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba wanda ya ce zo mu duba. Da an zauna an yi shiru na ɗan lokaci da an gani, gani ya kori ji, amma wa zai ɓata lokacinsa a kan maganar yarinya? Ni da na ji da kunnena na gani da idona ni ce mahaukaciya, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba su ne masu hankali.

Na ce bari in kai ƙara inda ilimi yake. A ajinmu na firamare akwai malamin da ke koya mana kimiyya, mai son zana abubuwa a allo. Rannan ya zana kifi yana bayanin abincin dabbobi, na ɗaga hannu na ce akwai kifin da ke cin itace. Ya ce kifi yana cin tsutsa da ƙwari da ƙananan kifaye, haka littafi ya ce. Na ce namu yana ci. Ya ce in zauna. Na ce wallahi yana ci. To, wallahin nan ce ta ja mini, na ƙare darasin a durƙushe a bakin ƙofa da hannuwa a sama, rana tana dukan ƙeyata, 'yan aji suna ƙunshe dariya. Ban yi kuka ba sai da na zo gida na shiga bayi. Ba zafin gwiwa ya sa ni kuka ba, baƙin ciki ne.

Saura Baba. Shi ne ya san Madam, shi ne ya san ba ta magana a banza. Amma Baba a watannin nan ba ya cikin natsuwarsa. Aiki ya tafi da masu shi, gari ya cika da sababbin manya masu babbar riga, kowa yana neman wanda zai raɓa. Kullum da safe yake wanka ya sa hula ya tafi ƙofar gidan wani ɗan majalisa da aka ce yana neman direba, ya yini a kan benci, ya dawo da ƙura a ƙafa. A rediyo ba abin da ake faɗa sai yanzu kowa yana da bakin magana, talaka ma a saurare shi. Ni dai wannan mulki bai iso tsakar gidanmu ba. Na same shi yana alwala na zayyana masa komai, har da kashin. Ya saurara, ya ɗauraye ƙafa, ya ce, "Uwata, ke uwata ce, ita ma uwata ce, wa zan bai wa rashin gaskiya? Ki yi haƙuri." Haƙuri! A gidanmu in an ce maka ka yi haƙuri, an gama shari'a ke nan kuma kai ka faɗi.

Sai itacen ya ɓace. Na duba magudana, na duba katanga, na hau tsani na leƙa rufin madafa, na tona tarin itacen girki ɗaya bayan ɗaya har kunama ta kusa harbina. Na tambayi Iya, ta ce ita ba mai gadin icce ba ce. Ashe yana ƙarƙashin gadonta tana shanya shi a ɓoye, don a wurinta itace ko na wane iri ne ba a yar da shi, ranarsa tana zuwa. Ranar kuwa ta zo a tsakiyar damina. An wuni ana ruwa, itacen girki ya jiƙe sharkaf, Mama tana ta fama da murhu hayaƙi ya cika gida. Na dawo daga Islamiyya a jiƙe aka ce in je in iza wuta. Ina durƙusawa na gan shi a ƙarƙashin tukunyar tuwo, murɗaɗɗen nan nawa, rabinsa ya zama gawayi, ɗaya rabin yana tsiyayar da kumfa yana shiii. Har wuraren da Dubagari ya kankare ina gani. Na fizgo shi na ƙona yatsu, ya karye a hannuna. Iya tana bakin ƙofa tana fifita da mafici, abin da ta ce kawai shi ne, "Kin gani ko, ko wutar kirki bai yi ba, sai hayaƙi."

Ban ci tuwon nan ba. Washegari ma ban ci ba, sai da Mama ta ɗauko muciya ta tsaya a kaina. Na daina yi wa Iya tsifar kai, na daina kai mata ruwan alwala sai an aike ni, in na gaishe ta a ciki-ciki. Sannan na shiga neman madadi. Reshen bedi na ɗanɗana da harshena na ji ɗacinsa na yar, ba zan ba wa bawan Allah wannan ba. Na samo guntun katako a wurin kafinta, yana warin fenti. Na tsinci karyayyar muciya na kankare na jefa, ta taso sama tana yawo, Dubagari kuwa ba ya hawa sama. Na ɗaure ta da dutse ta nutse, kafin ya saba da ita Iya ta tsamo ta da safe ta ce yanzu kuma tuwo za a tuƙa musu? Har Babbar Kasuwa na bi Mama, na zame na je wurin masu kifi busasshe ina tambaya ko sun san irin itacen da ke nutsewa a ruwa. Wani dattijo ya ce in gaishe da mutanen gida.

Iya kuma ta samu fili. Kowace Juma'a da hantsi sai ta sa a kwashe kifayen, ta naɗe hannun riga ta dirje gilashin nan ciki da waje har sai ya yi ƙara, ta cika shi da ruwan da ta tace da farin ƙyalle. Kai, akwatin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Kana ganin ƙwayar tsakuwa ɗaya-ɗaya. Da gwangwanin Madam ya ƙare muka koma ba su ɓarɓashin burodi da dusa, jajayen suka yi ɓul-ɓul, Iya tana nuna su ga baƙi tana cewa ga su nan ba icce ba komai sai ƙiba. Dubagari kuwa ba wurin ɓuya, ba abin kankara. Ya bi gilashin sama da ƙasa yana tsotsar banza, ya koma kusurwa ya manne a bayan ɗan injin. Burodi ya sauka a gabansa bai kula ba. Launinsa ya koɗe, idanunsa suka faɗa, cikinsa ya lotsa ciki kamar an dangwala yatsa a tuwo. Ina kallo yana ƙarewa a gabana, na san maganin, na faɗa har muryata ta dushe, kuma ba abin da zan iya. Wanda bai taɓa zama yaro mai gaskiya a gidan manya ba bai san wannan azabar ba.

Na daina magana. Na daina roƙo, na daina gardama, Lawal ya kira ni Malama Gara ya gaji ya bari don ba na tankawa. In na gama aikina sai in ja tabarma gaban akwatin in zauna. A kwanakin ne na lura Iya ta rage surutu. Tana kan turminta da faifai a cinya, amma hannunta ya tsaya, idonta yana kan kusurwar da kifin yake. Iya ta yi jinyar miji, ta yi ta 'ya'ya biyu, ta yi kiwon awaki shekaru, ta san kamannin abin da ke shirin tafiya. Wata rana da na tashi na shiga ɗaki, na hango ta ta labule ta taso ta tsuguna a gaban gilashin, ta ƙwanƙwasa da farce a hankali. Ta daɗe a wurin. Da ta ji motsina ta miƙe ta ce wa ya bar moɗa a ƙasa.

Bayan kwana biyu na ji sara a bayan gida da rana tsaka, na ɗauka mai faskare ne aka kira. Da yamma na ga Iya a kan kujera 'yar tsugune, abin da ban taɓa gani ba, amma raina a ɓace yake ban kawo komai ba. Washegari na ga wani abu a jiƙe a cikin bahon wanki an rufe da faifai, aka ce na Iya ne kada a taɓa. Sai da safiyar da ta biyo baya, na fito da tsintsiya, na ga abu a kwance a ƙasan akwatin. Guntun itace ne ja-ja mai duhu, mai nauyi, ya nutse ɗam, gefe guda a lanƙwashe da santsi irin na abin da hannu ya daɗe yana shafa. Na dubi ƙofar ɗakin Iya. Inda turmin yake kife shekara da shekaru babu komai sai zagayen shatinsa a ƙasa. Na tsaya da tsintsiya a hannu kamar an dasa ni. Ta fito da buta, ta ga inda nake kallo, ta ɗaure fuska tamau. "Mi kike kallo? Inuwa na sa mashi, rana ta yi mashi yawa. Kifi dai ba ya cin icce."

Na so in rungume ta, na so in kurma ihu, duka biyun a lokaci ɗaya. Yanzu? Sai yanzu, bayan an ƙone nasa an dafa tuwo da shi? Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri. Dubagari ya ja jiki a hankali ya shiga ƙarƙashin lanƙwasar, da rana na gan shi ya hau kai ya manna baki. Na ƙi zuwa Islamiyya na sha faɗa, ina zaune ina jiran in ga ya kankara. Bakin yana motsi kaɗan-kaɗan, ban sani ba ci yake ko numfashi. Juma'a ta zo, ruwan ya fara yin ja, Iya ta wuce ta gabansa da sosonta a hannu ta tafi ta wanke randa. Ranar Asabar da safe na same shi a kife a gefen guntun turmin, cikinsa a sama. Lawal ya ce a jefa wa kyanwa, Iya ta daka masa tsawar da sai da ya bar gidan. Ni na haƙa rami a gindin bedi na rufe shi, tana zaune a 'yar kujerarta tana jan carbi, ba ta dubi wajen ba.

Jajayen sun yi kusan shekara biyu a bayansa, har wani zafi da aka yi sati ba wuta ya kwashe su. Baba ya samu aikin, ya rasa, ya samu wani. Akwatin ya koma wurin ajiye kwanukan Mama, daga baya ya fashe. Iya ta rayu har ta ga ɗana na fari, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa na yi gaskiya ba. In na tsokane ta da maganar sai ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare." In na ce to turmin fa, ta ce dama ya tsufa yana tare mata hanya. Ko sau ɗaya ba ta ƙara zama da daɗi a kan kujerar nan ba, kullum tana ƙorafin ta yi mata ƙasa.

Yanzu akwatunan kifi sun cika gari, a asibiti, a otal, a falon duk wanda ya ɗan samu, da fitilu masu launi da ciyawar roba. Yaro kuma in an musa masa magana ba ya kuka a bayi, waya yake ɗaukowa. Ni ma na ɗauko, da girmana da 'ya'yana, na ce yau zan wanke kaina. Sai na tarar masu kiwon kifin ma ba su gama gardamar ba. Wai dangin Dubagari iri-iri ne, akwai waɗanda lallai sai da itace, akwai waɗanda gansakukar da ke jikinsa kawai suke kankara, in an ba su ganye ko kabewa sai su rayu. Wato ko rashin itacen ne ya kashe shi, ko soson Juma'a, ko yunwar da ɗan yankan kabewa zai kore, ga kabewa kuwa a madafarmu kullum. Na bi hotuna har idona ya yi ruwa ban gane wane iri ne nawa ba, duk munin nasu ɗaya. Na ajiye wayar ina tsaki, ɗiyata ta ce Mama ke da wa.

Guntun turmin yana nan a cikin akwatin kayana. A gefensa akwai wani ɗan wuri da ya fi sauran haske, bai kai faɗin farce ba. Wani lokaci in na ɗauko shi sai in ce bakin Dubagari ne, ya samu ya ɗanɗana kafin ya tafi. Wani lokaci in ce soson Iya ne, ranar da ta tsuguna a bayan gida tana dirje turmin aurenta don kifin da ko miya ba ya yi. Da tana nan da na kai mata na tambaya, kuma na san abin da za ta ce. Wallahi da zan sake jin ta faɗa, da na bar mata gardamar.